Rigar da Inna Ta Ɗinka wa Na'urarmu

Akwai maganar da na taɓa faɗa wa wata tsohuwa, wadda da ana iya mayar da magana ciki da tuni na haɗiye abata. Cewa na yi, "Inna, abin da ya shiga na'urar nan ba ya ɓacewa." Har da ɗaga kai na faɗe ta, don a lokacin ji nake duk Jega babu wanda ya kai ni sanin kwamfuta.

Ofishinmu ɗaki uku ne a Jega Firchin. Wasu malamai da 'yan kasuwa suka haɗa kai suka buɗe shi, don a riƙa ɗaukar hoton tsofaffin littattafan da kakanni suka rubuta da hannu, kafin gara da ruwa su gama da su. Mutum zai kawo littafin gidansu, mu ɗauki hoton kowace warƙa, mu mayar masa da kayansa. Ni ce mai kula da kwamfuta. Kullum daga Aliero nake zuwa, cikin motocin da warin albasa ya kama kujerunsu, in koma da yamma.

A ɗakin baya muke ajiye na'urar da hotunan ke ciki. Wani kamfani ne ya ba mu ita kyauta da ya sayi sabuwa. Baƙin akwati ne na ƙarfe, tsawonsa ya kai min ƙugu, da faifan ajiya goma sha biyu jere a gabansa, kowane da 'yar fitilarsa. Kore lafiya ke nan, rawaya ciwo, ja mutuwa. Iska take sha ta gaba ta fitar ta baya, fankokinta ba sa hutawa dare da rana. Wannan iskar ita ce ranta.

Inna daga Kuberi ta zo. Malama ce, matan aure take koya wa karatu a cikin gidanta, ta tsufa sosai amma idonta ras. Ta kwance wata tsohuwar gafaka a kan teburina, ta ce littafin mahaifinta ne, na fiƙihu, shi ya kwafe shi da hannunsa, ya cika gefe-gefen da bayani cikin ajami. Da na ɗaga warƙar farko sai gefenta ya zube min a yatsa. Gara ta ci, danshi ya ci. Mako biyu na yi a kansa, ina juya kowace warƙa ina riƙe numfashi, har na gama ɗari biyu da 'yan kai.

Ranar da ta dawo karɓa na nuna mata a allon kwamfuta. Na ƙara wa rubutun girma har tana ganin inda alƙalamin ya ƙara shan tawada. Ta yi salati, sannan ta ce in kai ta ta ga inda yake zaune.

Na kai ta ɗakin baya. Ta bi fitilun da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗiyata, wane na cikinsu ke riƙe da na babana?"

"Babu ko ɗaya, Inna. Kuma dukansu."

Ta harare ni irin hararar da take wa ɗalibai, na yi maza na gyara zance. Na ce na'urar ba ta ba faifai ɗaya littafi ɗaya. Duk warƙar da ta shigo, yayyanka hotonta take ƙanana-ƙanana ta watsa wa faifan nan, wannan ya riƙe guntu, wancan ya riƙe guntu. Tare da kowane rukuni na guntayen tana ƙara wasu biyu na lissafi, waɗanda in wani guntu ya ɓace za ta iya fito da shi daga sauran. A allo za ki ga kamar ga ɗakin Kuberi, ga ɗakin Mungadi, ga na Jega, amma suna ne kawai. A can ciki duk sun gauraye, ita kaɗai ta san inda ta sa kowane guntu.

Na ga ranta bai so kalmar yankawa ba, sai na ce, "Kamar sauka ce, Inna. Ai rarraba izu ake wa mutane. In mutum ɗaya bai zo ba, ba a ɗora wa mutum ɗaya nasa, rarraba wa kowa ake a gama da wuri. Haka take yi. In faifai ya mutu, sauran duka su taru su sake gina abin da yake riƙe da shi, kowane ya ajiye kaɗan a filin da aka bar masa."

"In biyu ba su zo ba hwa?"

"Tana iyawa."

"Uku hwa?"

Na yi dariya. Na ce uku ba sa mutuwa lokaci ɗaya. Nan ne na faɗa mata waccan maganar.

Ta ci gaba da kallon akwatin. Ta ce, "Sunan Allah na ciki, ga ayoyi, kun bar shi tsirara haka?" Na ce ai ƙarfe ne, Inna. Na ga tana auna shi da kamun hannunta, tsawo da faɗi, na ɗauka mamakin tsofaffi ne, na tafi ɗauko mata gafakarta.

Bayan kwana goma ta aiko min da saƙo a bakin wata ɗalibarta. Ta ce tunda littafin ya samu wurin zama, ta sa an haƙa rami a wuri mai tsabta a bayan makarantarta, an naɗe ragowar warƙoƙin cikin farin ƙyalle an binne, yadda ake yi wa takardar da ke ɗauke da sunan Allah in ta ruɓe, don kada gutsattsarinta su riƙa zuba ana takawa. Na ce to, madalla.

Ga nawa laifin, gara in faɗe shi da bakina. Ƙa'idarmu ita ce duk Alhamis in kwafe sabon aiki zuwa wani faifai na daban da muke kullewa a durowa. Alhamis uku a jere ban yi ba. Ta farko ina sauri in samu mota, ta biyu zafi ya ishe ni, ta uku ma ban tuna ba. Sabon aikin da ke cikin waɗannan makonni littafin Inna ne kawai. Sauran duk suna durowa, kuma masu su na da asalinsu a gida. Na kuma san ma'aunin zafin na'urar ya daɗe da lalacewa, wanda ya kamata ya kashe ta in ta yi zafi da yawa. Ƙarar gargaɗinta ma ni na kashe da hannuna, don tana damuna.

Wata Litinin ce a tsakiyar bazara, irin ranar da tun hantsi kwalta ke laushi. Tun daga bakin ƙofar ofis na ji fankokin na ihu, ba irin gurnanin da na saba ji ba. Mai gadinmu, wani dattijo ɗan Mungadi da muke kira Baba, yana zaune a benci yana murmushi.

"Malama, ki shiga ki ga abin alheri."

Na tura ƙofar ɗakin baya, zafi ya buge ni a fuska. Na'urar na tsaye cikin riga. Farar shadda ce, da koren baki, an cusa mata auduga a tsakiya ninki-ninki, an ɗinke da hannu, ɗinki ƙanana masu kyau. Ta rufe gaba, ta rufe baya, ta sauka har ƙasa. Ko kafar da sauro zai bi babu.

"Innalillahi! Baba, mene ne wannan? Wa ya sa?"

"Malamar Kuberi ta aiko ran Asabar da sahe. Ita da ɗalibanta sunka ɗinka. Ta ce a sanya mashi, ni ko na yi alwala na sanya."

Asabar da safe. Kwana biyu cur ke nan. Na fizge rigar da ƙarfi har wani ɗinki ya ɓalle, na yi jifa da ita. Ƙarfen ya ƙone min tafin hannu. Na duƙa na duba fitilun: biyu ja, ɗaya rawaya tana ƙyaftawa.

Wallahi ban san lokacin da na fara yi wa dattijon nan ihu ba. Na ce wa ya aike shi, na ce gadi aka ɗauke shi ko gyaran na'ura, na ce ya kashe mu. Mutumin da ya girmi ubana. Ya duƙa ya ɗauki rigar, ya kakkaɓe ta, ya ninke, ya ce a hankali, "Ba a yada wanga ƙasa." Sannan ya tambaye ni abin da zai yi.

Na ce ya buɗe tagogi da ƙofofi, ya tada janareta, ya kawo duk fankar da ke ofis. Ya kawo biyu. Ya jiƙa buhunan algarara ya rataye a taga don iskar da za ta shigo ta yi sanyi. Da ya ga ba abin da ya rage sai ya ɗauko maficinsa ya durƙusa gaban na'urar yana yi mata fifita. A wata rana da na yi dariya.

Na zauna gaban allo. Na'urar ta rubuta duk abin da ya faru. Faifai na huɗu ya mutu ran Asabar da la'asar. Sauran sun fara gina nasa, suna cikin yi na tara ya bi shi ran Lahadi. Tun daga nan aikin yake jan ƙafa, don na bakwai, mai rawayar fitila, sai an tambaye shi guntu sau da yawa kafin ya bayar. Duk rukunin da ya rasa guntu biyu ba shi da sauran kariya. In na bakwai ya faɗi kafin a gama, duk warƙar da ke da irin wannan rukunin ta tafi. Kuma babu yadda zan san waɗanne ne, tunda kowace warƙa tana da guntu kusan ko'ina.

Hanya biyu ce a gabana. Abin da aka koya mana shi ne a bar na'ura ta gama gininta, kada a dame ta. Amma ta nuna sai bayan awa goma sha, ni kuwa ina jin faifan nan na wani ƙas-ƙas a ciki, na san ba zai kai ba. Ko kuma in tsayar da ginin, in jona faifan durowa, in kwashe littafin Inna kaɗai. Kwashewar ma wahalar da shi za ta yi, tana iya ƙarasa shi. Na tsaya ina kallon allon, gumi na bin bayana. Na tuna ramin da ke bayan makarantarta. Na yi bisimilla na tsayar da ginin.

Hotunan manya ne ƙwarai, don na ɗauke su yadda ko zaren takardar za a gani. A ranar lafiya da minti kaɗan sun isa. Ranar nan kowace warƙa sai na'urar ta tattaro guntayenta, ta yi lissafin waɗanda suka ɓace, ta jira na bakwai ya ga dama. Na sa su fita bi da bi, daga ta farko. Warƙa ta ɗaya ta fito. Ta biyu. A ta goma sha bakwai ya tsaya, ya yi ƙas-ƙas, na ji kamar a ƙirjina ake yi. Na ƙirga har arba'in kafin ya wuce.

Kafin azahar mun kai tamanin. Ina cikin haka na ji sallama a tsakar ofis, muryar da ko a mafarki ba na son ji a ranar. Inna ce, ta hawo mota tun daga Kuberi cikin wannan rana don ta ga yadda rigar ta zauna.

Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ga na'urar ba riga, ta ga Baba durƙushe yana fifita, ta ga rigarta a ninke kan kujera, ta gan ni ko gyalena ban gyara ba.

"Ɗiyata, lahiya? Ba ta yi mashi daidai ba?"

Duk masifar da na sauke wa Baba ta gudu ta bar ni. Na ce, "Inna, zauna. Zafi ya kama ta. Biyu sun mutu."

Ba ta tambayi dalili ba. Ta dubi fitilun, ta tsayar da idonta kan mai rawaya.

"Wancan na ukun ne?"

"Shi ne."

"Kin ce ba su yin uku."

"Na faɗa, Inna."

Ta zauna a tabarmar da Baba ya shimfiɗa mata, ta ciro carbi. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na koma kan allo. Ɗari. Ɗari da ashirin. Aka kira sallar azahar, muka yi ta bi da bi, don na ce kada a bar fifitar ko minti ɗaya, ko da yake na san mafici ba wani abin kirki yake ƙarawa ba. Da Baba ya tafi masallaci, Inna ce ta karɓi maficin da kanta.

A ɗari da sittin da uku ya tsaya tsayi mai tsawo. Allon ya rubuta cewa ya kasa karantawa, zai sake gwadawa. Ya sake, ya kasa. Na dafa kaina da hannu biyu. Na ji Inna ta daina jan carbi. A gwaji na huɗu ya wuce, na saki numfashi har da wata ƙara da ban san daga ina ta fito ba. Baba ya ce, "Alhamdu lillahi," da ƙarfi, kamar shi ya san abin da aka rubuta.

Janareta ya fara tari wajen ƙarfe uku. Batiran sola na nan, amma ba za su ɗauki fankoki da na'ura tare ba. Baba ya ruga da jarka, tsoho da shi, na ji takun silifas ɗinsa har bakin titi. Ya dawo yana haki ya zuba mai, injin bai mutu ba. Ban iya ko ce masa sannu ba, idona na kan lamba.

Ɗari da casa'in. Ɗari biyu. Yanzu kowace warƙa sai ta ci minti biyar, shida. Ƙas-ƙas ɗin ya koma wani ƙuuu mai ja. Na fara yi wa faifan magana kamar mai hankali, ina cewa haba, saura kaɗan, daure mana. Saura biyar. Saura uku. Saura biyu. Ta kusa da ƙarshe ta fito lafiya. Ta ƙarshe ta fara, layin da ke nuna tafiyarta ya kai rabi ya tsaya.

Ƙarar ta ɗauke. Fitilar ta koma ja.

Na zare faifan durowa da sauri kamar wani zai ƙwace min, na jona shi a wata kwamfutar, na fara buɗe warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan, tas, har da tabon danshi da cin gara. Wani daɗi ya taso min, na juya ina dariya hawaye na zuba.

"Inna, ya fita! Duk littafin ya fita! Warƙa ɗaya ce kawai ta samu matsala, ita ma rabi."

"Wace?"

"Ta ƙarshe ce kawai."

Ta miƙe a hankali, ta dafa bango, ta zo bayana. "Buɗe min ita."

Na buɗe. Saman warƙar na nan, layi bakwai na rufe littafi, da hamdala da salati, cikin rubutun hannun nan mai kwanciya. Daga tsakiya zuwa ƙasa kuwa toka-toka ne fal, shafaffe, ba ko ɗigo. Ta ce in ƙara girma. Na ƙara. Tokar ce ta ƙara girma.

Ta ɗora yatsa a kan allon, a ƙasa, wajen dama.

"Nan ne. Ranar da ya ƙare littahin anka haihe ni. Ya rubuta ranar, da sunan da ya yi niyyar sa min, da addu'a layi biyu. Mu tara ya haifa, ni kaɗai ya rubuta."

Dariyar ta mutu a bakina. Awa huɗu tana zaune a bayana. Da na juya sau ɗaya na ce, Inna, wace warƙa kika fi so, da ita zan fara fitarwa, da minti biyu sun isa. Ban tambaya ba. Na bi lamba daga ɗaya, yadda na saba.

"Rigata ta yi wanga aiki?" ta ce, ba ta dube ni ba.

Baba na tsaye a ƙofa da jarka a hannu. Na so in ce a'a. Na ce, "Rigar ta toshe mata iska, Inna. Amma da na yi aikina da ba abin da zai ɓace. Ya kamata in kwafe shi tun makonni uku, ban yi ba. Ni ce kuma na ce miki ba ya ɓacewa, har kika binne. Ki yafe min." Na juya na ce wa Baba shi ma ya yafe min abin da na yi masa da safe. Ya ɗaga hannu kawai ya fita.

Na jawo takarda da biro. Na ce ta faɗa min addu'ar da ranar in rubuta, mu ajiye tare da littafin, ai ta haddace.

"Na haddace," ta ce. "Tun ban kai shekara goma ba na haddace. Ba abin da ya ce na zo gani ba, ɗiyata. Hannunshi."

Na ajiye biron. Janareta na ta ruri a waje. Can ta ce in fitar mata da warƙar a takarda, yadda take ɗin nan. Na ce in yanke wajen da ya lalace? Ta ce a'a, in bar shi.

Na buga mata ita. Ta karɓa da hannu biyu, ta matsa bakin taga inda haske yake, ta kai takardar kusa da idonta. Ta daɗe tana duba wajen da babu komai.